Shin Na'urar Kwaikwayon Tiyata Tana Gajiyar da Ƙwaƙwalwar Mai Koyo?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Ni ɗalibar likitanci ce, kuma na gwada na'urar kwaikwayon tiyata da ake ɗaura wa ido, wadda take sa mutum ya ga kansa a cikin ɗakin tiyata, ma'aikata suna magana, na'urori suna ƙara. Na fito kaina ya yi nauyi, hannuna kuma ya fi rikicewa fiye da lokacin da na yi atisaye a gaban allon kwamfuta. Shin gazawata ce?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Ba gazawarki ba ce. Ƙwaƙwalwar ɗan Adam ba ta iya riƙe sababbin abubuwa da yawa a lokaci guda, kuma a kan haka ne masanin ilimin koyo John Sweller ya gina nazarinsa na nauyin tunani a shekarar 1988. Tiyatar da ake yi ta ƙaramin huji da kyamara tana da nauyi tun asali, domin hoton da ke kan allo ba ya nuna zurfi, kuma idan kika karkata hannu dama, bakin kayan aikin zai nufi hagu. Wanda bai saba da wannan ba, duk wata ƙara ko kira da aka ƙara masa tana cinye hankalin da ya kamata ya tafi ga hannunsa.

Wani bincike da aka yi a Kofanhagan, babban birnin Denmark, aka wallafa a 2020, ya gano cewa sababbin masu koyo da aka nutsar a cikin cikakken ɗakin tiyata na kwaikwayo sun fi jin nauyin tunani, aikinsu kuma ya fi rauni, idan aka kwatanta da lokacin da suka yi amfani da na'urar allo kawai.

Wannan bai rage darajar na'urorin ba. A 2002, a Jami'ar Yale ta Amurka, likitocin da suka yi horo da na'urar kwaikwayo ta allo sun fi takwarorinsu da ba su yi horo da ita ba sauri da kashi 29 cikin ɗari wajen cire maɗaciya, kurakuransu kuma sun ragu sosai.

A ganina, matsalar tana cikin jerin matakan horo. Ki koma ga allo, ki yi atisaye gajere a ranaku daban-daban har hannunki ya saba, sannan ki roƙi malamanki su riƙa ƙara hayaniyar ɗakin da kaɗan-kaɗan, domin ranar da za ki tsaya a kan majinyaci na gaske, hayaniyar tana nan.