Tambaya da Amsa: Wace Na'urar Gano Ƙarfe Zan Saya?

Assalamu alaikum masu karatu. Wannan makon saƙonni sun taru a kan na'urar nan mai gano ƙarfe a ƙarƙashin ƙasa, wadda wasu ke ce wa injin neman zinare, toh na tsinto guda huɗu da nake ganin amsarsu zata amfani sauran.

Tambaya: Salam Malam, dan Allah shawara nake nema. Ni ma'aikaci ne ina zaune a Rijiyar Zaki, na daɗe ina kallon bidiyon Turawa a YouTube suna yawo da na'urar nan suna tono tsofaffin kuɗi, wlh abin ya shiga raina, inaso in riƙa fita ranar Asabar ni da yarana gonar mahaifinmu ta wajen Gezawa. Guda uku nake dubawa, Garrett ACE 300 da Minelab Vanquish 340 da Nokta Simplex, kuma kuɗina ba yawa. Wacce zan ɗauka? Daga wani makaranci.

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa, gaskiya naji daɗin tambayar nan musamman da kace da yara zaka riƙa fita. Dukkansu ukun na kamfanonin kirki ne, Garrett na Amurka ne tun 1964 suke wannan sana'ar, Minelab na Ostireliya, Nokta kuma na Turkiyya, kuma farashinsu a can waje duk yana tsakanin dala 200 zuwa 400 ne kafin kuɗin kawowa da na kwastan. Dukkansu faifan da ke ƙasan sandar ne yake tura maganaɗisu cikin ƙasa, in ya ci karo da ƙarfe sai amsa ta dawo na'urar tayi ƙara. Kwandala ko zobe zasu jiyo shi daga zurfin santimita 20 zuwa 30 in ƙasar mai kyau ce, wato kamar taƙi ɗaya da ɗan ɗori, babban abu irin tukunyar ƙarfe ne kawai ake ji fiye da haka. Ka riƙe wannan lissafin tun yanzu saboda kar wani ya cika maka kunne.

Abin da ya bambanta su a wurinmu shine ƙasa. Bidiyon da kake kalla yawanci a filayen Ingila da Amurka ake ɗauka, mu kuma wurare da yawa jar ƙasa ce da marmara, tama ce cike a ciki, ai tun wajajen ƙarni na 7 ake narka tama a gindin Dala. Irin wannan ƙasar ita kanta na'ura tana jinta kamar ƙarfe, sai ka ji tana ta ƙananan ƙara babu komai a wajen, zurfin ma ya ragu. Maganinsa saitin ƙasa, 'yan harkar suna cewa giraun balans, wato ka riƙa ɗaga faifan kana saukewa a wuri mai tsabta har na'urar ta gane ƙasar wajen ta daina kula ta. ACE 300 bata da wannan, daga kamfani aka ɗaure saitinta baka da ikon taɓawa, a rairayi mai laushi zata yi maka aiki lafiya lau amma kana hawa jangargari zata fara damunka, shi yasa ni ita na fara cirewa duk da sunanta ya fi na sauran yawo a nan. Vanquish 340 itama baka saita ta da hannu, sai dai tana aiki da firikwensi da yawa a lokaci guda, firikwensi shine saurin bugun maganaɗisun da faifan ke turawa, da kHz ake auna shi, hakan yana sa ta fi nutsuwa kuma lambar da take nunawa a allo dan ka gane irin ƙarfen da ta ji ta fi tsayawa wuri ɗaya, ga sauƙin koyo, kunnawa kawai zaka yi, yaro ɗan firamare zai iya. Simplex firikwensi ɗaya ce, tsohuwar 12 kHz sababbin 15, amma tana da saitin ƙasa na kanta da na hannu, kuma ruwa baya shigarta ko ka nutsar da ita gaba ɗaya, abin da ruwa bai shiga ba kuwa ƙurar hunturu ma bazata shiga ba. Sauran biyun faifansu ne kaɗai ke jure ruwa banda akwatin sama.

Sai maganar batir. ACE da Vanquish ƙananan batir huɗu suke ci irin na agogon bango, kowane mai tireda yana da su. Simplex batirinta a ciki yake ana caji da waya irin ta USB, fawa bank ma yana yi, wannan daɗi ne yanzu amma ranar da batirin ya mutu bayan wasu shekaru sai an nemo shi daga waje, kuma kar ka barta a but ɗin mota cikin zafin Afrilu, zafi ne yake kashe irin wannan batirin.

In ni ne Simplex zan saya. In kuma ka samu Minelab X-Terra Pro a kusan kuɗi ɗaya itama ta shiga layi, tana da saitin ƙasa, ruwa baya shigarta, kuma kana iya canza mata firikwensi. Equinox da Nokta Legend da XP Deus sun fi waɗannan duka, amma bana son mai farawa ya zuba kuɗinsu kafin ya san ko abin zai ɗore a ransa. Gara ka rage wani abu ka sayi 'yar ƙaramar nan ta hannu da ake zurawa cikin rami tana nuna daidai inda abin yake, da abin sawa a kunne, da diga ƙarama mai ƙwari.

Kuma ka shirya wa yaran zuciya. Abin da zaku fi tonowa ƙusa ne da murfin lemo da gwangwani da takardar magi da ɓawon ƙwayar magani. Kuɗin kakanninmu na asali wuri ne, shi kuma ba ƙarfe bane na'ura bata ganinsa ko tulu guda ne. Amma anini da kobo mai huda a tsakiya da sisi da sule na kafin a kawo naira a 1973 ana samunsu a tsofaffin kufai da inda kasuwa ta taɓa ci, haka munduwa da kan kibiya, wanda ya dace har tsohuwar azurfar nan mai ɗauke da shekarar 1780 da fatake suka riƙa shigowa da ita. Ku tambayi tsofaffin garin ina gidaje suke a da, nan zaku fara. Bayan ruwan farko ya sauka ya fi, ƙasa tayi laushi, kuma ku nisanci ƙarƙashin manyan wayoyin wuta da taransifoma, suna rikita na'ura.

Tambaya: Malam ni matashi ne daga Kurna, wani a WhatsApp yace yana da injin mai eriya biyu da ke nuna zinare daga nisan kilomita 2 da zurfin mita 30, kuma yana da GPX 5000 sabuwa dal a kwali zai bani a kuɗin da bai kai rabin na kasuwa ba. Inaso in sayar da babur ɗina in saya in tafi daji. Ya ka gani?

Amsa: Ƙanena dan Allah kar ka sayar da babur ɗin nan. Babu wata na'ura da ke jiyo zinare daga kilomita 2, ƙarfin maganaɗisun faifai yana mutuwa da sauri sosai kana ɗan nisa da shi, shi yasa manyan injina na dubban daloli ma a santimita ake lissafin zurfinsu in ƙwayar zinare ƙarama ce. Eriyar da kake gani tana juyawa a bidiyo motsin hannun mai riƙe da ita ne ke juya ta. An taɓa yi wa gwamnatoci ma wannan, a 2013 kotu a Landan ta ɗaure wani ɗan kasuwa James McCormick shekara 10 saboda ya sayar wa Iraƙi da wasu ƙasashe wata sanda mai eriya mai suna ADE 651 da sunan tana gano bam, ashe babu komai mai aiki a cikinta, kuma da ita aka riƙa tsaron shingayen Bagadaza.

Ita GPX 5000 injin gaske ce ta Minelab, irin da ake kira PI, tana harba wuta ɗif ɗif cikin ƙasa tana sauraron amsa, shi yasa jar ƙasa bata cika damunta ba. Amma tana cikin injinan da aka fi yi wa jabu tun lokacin da aka ruga neman zinare a Sudan, daga baya kuma Djado ta Nijar a 2014. Jabun kwalinta da fentinta da tambarinta duk iri ɗaya ne, tana kunnuwa har tayi ƙara in ka kara mata cokali, sai ka kai ta daji ka gane. Sabuwa a ƙasa da rabin kuɗi jabu ce ko ta sata, babu na uku. Duk mai son ta gaske ya bi dilan da kamfanin ya lissafa a shafinsa na intanet, ya tantance lambar jikinta kafin ya biya. Akwai masu sauƙi da aka yi su dan zinare, Gold Monster 1000 mai 45 kHz, Nokta Gold Kruzer mai 61, Fisher Gold Bug 2 mai 71, firikwensi mai babbar lamba shi ke jin ƙananan ƙwayoyi, amma basa nisa.

Ga abin da mai talla bazai faɗa maka ba. Na'ura dunƙulen zinare take ji. Zinaren da ke wurare da yawa a Zamfara da Birnin Gwari da jihar Neja gari ne a cikin dutse, sai an fasa an niƙa an wanke, wannan ko injin miliyan nawa ne bazai ganshi ba. Kuma wannan niƙan a cikin gidaje ne ya jawo gubar dalma da ta kashe yara aƙalla 400 a Zamfara a 2010. Ga rashin tsaro da ya sa gwamnatin tarayya ta hana haƙar ma'adinai a jihar daga 2019 har ƙarshen 2024. Sannan dokar ma'adinai ta 2007 tace duk ma'adinin da ke ƙasa yana hannun gwamnatin tarayya ne, sai da lasisi ake haƙa, ƙananan masu haƙa yawanci ta ƙungiya mai rajista suke samu. In da gaske harkar kake so, ka fara zuwa ka yi aiki da irin wannan ƙungiyar ka ga yadda take da idonka, babur ɗinka na nan yana kawo maka na cefane.

Tambaya: Malam zoben zinarena ya faɗi a tsakar gida ranar bikin 'yata, mun share mun duba babu. Na'urar gano ƙarfe irin wadda ake shafa wa mutane a ƙofar masallaci zata gano shi? Daga wata baiwar Allah a Hotoro.

Amsa: Hajiya Allah ya sanya alheri, Allah kuma ya bayyana. Waccan ta jikin mutum ce, santimita kaɗan take ji, in zoben yana saman rairayi kuma an kara ta dab da ƙasa zata iya kama shi, in ya nutse da wuya. Ki aro a gwada amma kar ki sayi komai saboda zobe ɗaya. In tsakar gidan daɓen siminti ne mai rodi a ciki ko'ina zata yi ƙara, sai ku koma kan makwararar ruwa da gindin shuka da inda aka tara shara, ku tankaɗe rairayin wajen da rariya. In kun samu mai babbar na'ura ki ce masa kar ya rufe ƙananan lambobi, ƙaramin zoben zinare a lamba iri ɗaya yake fitowa da takardar magi da marfin gwangwanin lemo, wanda ya rufe su dan gudun shara ya rufe zoben kenan.

Tambaya: Malam in mutum ya tono tulun kuɗi ko kayan tarihi, na waye? Kuma zan iya gwadawa a jikin badala ko Dala? Ɗalibi daga Gwale.

Amsa: Ɗana badala da Dala ka cire su a lissafi. Ganuwar Kano abin tarihi ce da doka ta kare, hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa wadda aka kafa a 1979 ita ke bada izinin tonon kayan tarihi, kuma sayar da su ko fitar da su waje ba izininta laifi ne. Abin da ya rage na badalar ma ina yake, gine gine da masu ɗibar ƙasa sun cinye mafi yawa, raina yana ɓaci in na wuce wasu ƙofofin, bai kamata mu ƙara mata ramuka ba. Maƙabarta kuwa ko tsohuwa ce da aka daina binnewa kar ka kusance ta. Gonar wani sai da izinin mai ita, kuyi magana tun farko yadda za'a yi in an samu wani abu, ka sanar da mai unguwa dan kar a ganka da sanda mai waya a ɗauke ka wani abu daban, kuma duk ramin da ka tona ka cike shi.

Ta fuskar addini malamai sun raba abin biyu. Dukiyar da mutanen jahiliyya suka binne ita ce rikazi, hadisi ya tabbata a Buhari da Muslim cewa ana fitar da kashi ɗaya cikin biyar. Abin da ke da alamar na Musulmi ne ko na zamanin nan, zobe ko sarƙa ko kuɗi, wannan tsintuwa ce, cigiya ake yi shekara guda. Akwai ƙarin bayani in a filin wani aka samu, wannan ka zauna da malaminka na fiƙihu. In kuma abin da ya fito tukunya ce ko mutum mutumi ko tarin ƙarafa da kake ganin na da can ne, ka dakata da tono, kar ka wanke kar ka kankare, ka ɗauki hotonsa a inda yake ka rubuta wurin, sannan ka je Gidan Makama ka nuna wa ma'aikatan.