Waƙafin da ya cinye mini jaka 50

Jiya kana wanke buroshi ka tambaye ni me ya sa nake sa ka goge allon shago guda saboda ɗan waƙafi, kuma wace alama na fi so a rubutu. Ban amsa ba don akwai mutane a rumfa. Zauna yanzu ka ji, yaro.

Waƙafi na fi so. Aya kowa ya san ta, magana ta ƙare ka ɗiga, wannan ba sai an koya wa mai hankali ba. Shi waƙafi shi ke nuna wace kalma ce ta wannan gida, wace ce ta maƙwabta. Tun muna makarantar allo a Birni, nan Damagaram, malam ke zuba mana dorina in muka zarce wurin tsayawa, sunan ma daga can ya fito, waƙafi, wato tsayawa. Kafin in taɓa riƙe buroshi na iya zana da'irorin nan uku na ƙarshen aya, da kumsa ta aya ta biyar, da kuri na aya ta goma. Amma ba malam ne ya sa na ji tsoron waƙafi ba. Wani ɗan kasuwa ne.

A watan Disamba na 1993 ya zo nan, mai shaguna a Kasuwar Dole da Zango, har da ɗaya a Magarya. Alluna goma sha biyu yake so, na ƙarfe, rubutu gaba da baya. Muka yi ciniki jaka 300, wato sefa dubu 300, ya ba ni rabi. Ni da hannuna na rubuta takarda, na sa kabon a ƙasa don kowa ya riƙe tasa. Ga abin da na rubuta, har gobe ina iya karanto maka shi da ka: “Sauran kuɗi ranar da aka kai alluna bayan Salla babu gyara.” Nufina, ranar da na kai alluna ya cika mini kuɗina, in fenti ya ɓare zan gyara kyauta har zuwa Salla, daga nan kuma ba ruwana. Waƙafi ɗaya ake bukata bayan “alluna”. Sauri ya sa ban sa ba.

Fenti da farantan ƙarfe duk bashi na ɗauko. Kwana ashirin ina aiki cikin hunturu, ƙura na sauka kan ɗanyen fenti, ina rufe alluna da zannuwan uwargida. Farkon Janairu na kai masa a amalanke, ya yaba, ya ce in dawo jibi. Jibi ta zama mako. Ranar 12 ga Janairu 1994 aka karya darajar sefa, tamma ɗaya ta Faransa da ke 50 ta koma 100. Mai fenti ya aiko yaronsa, ya ce shi gwangwanayensa ya ba ni, gwangwanaye yake so ko kuɗinsu na yau.

Na ruga wurin mutumin. Ya buɗe aljihun tebur ya fito da tasa takarda, sai ga waƙafi da shuɗin bik, sabo fil, bayan kalmar “Salla”. “Sauran kuɗi ranar da aka kai alluna bayan Salla, babu gyara.” Wai shi bayan Salla aka ce a kai, ni na ga dama na kawo da wuri. Muka je gaban mai unguwa. Aka ce in kawo tawa, na kawo, babu waƙafi ko ɗaya a ciki, to da me zan ƙaryata shi? Aka ce in yi haƙuri. Ƙaramar Salla ta zo a watan Maris, na koma, ya dube ni ido cikin ido ya ce takarda ba ta faɗi wace Salla ba. Sai bayan layya ya ba ni jaka 100, ya riƙe 50 wai ja ya koɗe. A lokacin na riga na sayar da babur ɗina na biya mai fenti. Mutumin ya rasu, na je jana'izarsa, amma wallahi in na bi ta gaban shagon nan na Zango har yanzu ina kau da kai.

Ku kuma yaran yanzu, wayar salula ta lalata muku hannu. Saƙonku ko aya babu, in kuma kun tashi sawa sai ku jera alamar motsin rai uku a kan allon mai shayi, kamar gobara ta tashi. Ɗaya ma ta yi yawa. Alamar tambaya kuwa ba ta hawa allona, mai shago faɗa yake yi, ba tambaya ba. Ruwa biyu ina ganin girmanta, tana buɗe ƙofa kafin jerin kaya. Waƙafi mai ruwa na littafi ne, daga nesa sai a ɗauka kashin ƙuda ne.

Ka kula da lissafi. Mu nan Nijar yadda lakkol, makarantar boko, ta koyar, 2,5 biyu da rabi ne, dubu kuwa da ɗigo ko ɗan fili ake raba ta. Mutanen Kano akasin haka suke yi, 2,500 a wurinsu dubu biyu da ɗari biyar ne. In baƙo ya kawo maka farashi a takarda, sa shi ya faɗa da baki, da jaka da dala. Haka “ƴaƴa”, mu da lanƙwasa muke rubutawa, su da ɗan ɗigo mai wutsiya a gaban y. Tambayi mai allo inda zai kafa shi.

Yadda ake ja layi da alli, da yadda ake sirka fenti, shekara biyu kana kallona, ba zan maimaita ba. Tashi ka ɗauko allon mai kemis ɗin nan. Waƙafin da ka sa bayan “magani” wutsiyarsa ta miƙe kamar ƙusa, goge shi ka sake, da ƙaramin buroshi, kafin rana ta juyo rumfa.