Wai ƙanƙara ta taɓa rufe Ƙasim?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni direban tirela ne, na daɗe ina bin hanyar Madina zuwa Buraida. Ɗana da ke jami'a ya ce wai ƙanƙara ta taɓa rufe wannan yanki, har an zana taswirar inda ta tsaya. Ƙasar da zafinta ke fasa mana taya? To wa ya gani?
Mai karatu daga Madina

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya kiyaye hanya. Yaron nan gaskiya ya faɗa maka. Abin ya faru kimanin shekaru miliyan 445 da suka wuce, lokacin da yankin Larabawa ke manne da Afirka cikin wata ƙatuwar nahiya da masana ke kira Gondwana, ita kuwa tana can wajen ƙuryar kudancin duniya. Babu wanda ya gani, amma ƙanƙara ba ta wucewa ba ta bar sawu ba.

Tulin ƙanƙara idan yana jan ciki, tsakuwar da ta maƙale a gindinsa tana karce falalen dutse, layi-layi, duk sun dosa wuri ɗaya. Da wannan karcen ake gane inda ta nufa. Inda ta narke kuma sai ta zubar da kayanta a cakuɗe, ƙaton dutse da yashi da laka wuri guda. Kogi ba ya haka, shi yakan ware manya daban, ƙanana daban. A yankin Ƙasim, inda Buraida take, da maƙwabcinsa Ha'il an samu duka biyun, har da manyan kwaruruka da aka haƙa a zamanin ƙanƙarar, daga baya yashi ya cike su ya zama dutsen da ake kira Sara. Irinsu na nan a Jado ta Nijar, da Libiya da Aljeriya. Mai zana taswira yakan duba hoton tauraron ɗan adam, sannan ya je da ƙafa ya tabbatar, ya ɗiga kowane wuri, kana ya haɗa ɗigon. Ni dai ba na sakin jiki da taswirar da layinta ya tafi sumul, domin wurare da yawa rairayi ya binne shaidar, sai rijiyar haƙar mai ke tono ta.

Wani sawun kuma shi ne na tafkin da ƙanƙara ta datse, amma shaidarsa ta fi fitowa a ƙasashen da abin bai daɗe ba. A kwarin Glen Roy na Sikotland akwai layuka uku a jikin tsauni, a tsayin mita 260 da 325 da 350, kowanne a miƙe kamar zoben da ruwa ke bari a cikin randa. Shahararren masanin kimiyya Charles Darwin da kansa ya rubuta a 1839 cewa gaɓar teku ce. Wani masanin, Louis Agassiz, ya je a 1840 ya ce a'a, ƙanƙara ce ta toshe bakin kwarin ruwa ya taru. Abin da ya raba gardama shi ne, tsayin kowane layi ya yi daidai da wata mashiga tsakanin tsaunuka inda ruwan ke malala idan ya cika, kuma ba a tsinci ƙwanson halittar teku a wurin ba. Darwin ya sauka daga ra'ayinsa daga baya.

Mu koma hanyarka. Da ƙanƙarar ta narke, teku ya hau kan yankin ya shimfiɗa baƙar laka mai cike da ragowar ƙananan halittu. Ita ake kira Ƙusaiba, sunan wani gari ne a Ƙasim, kuma daga cikinta iskar gas mai yawa ta Saudiyya ta samo asali.