Me Ya Sa Aka Kawar Da Bushiya Amma Lassa Ta Gagara?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗan makiyaya ne, kuma mahaifina yakan ba mu labarin yadda ciwon bushiya ya cinye masa garke a farkon shekarun 1980, har sai da 'yan uwa suka haɗa masa abin sake kafa kiwo. Kwanan baya na ji wani likitan dabbobi yana cewa an kawar da wannan cuta daga doron ƙasa. To idan masu bincike sun iya wannan, me ya hana su yi wa zazzaɓin Lassa, wanda ke kashe mutane duk rani, irin wannan aiki? Ko kuwa ran saniya ya fi na mutum daraja a wurinsu?
Daga wani mai karatu a Jalingo.

AMSA: Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Abin da likitan ya faɗa maka gaskiya ne, domin a shekarar 2011 Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya da hukumar lafiyar dabbobi ta duniya suka tabbatar da cewa bushiya ta ƙare, shekara goma bayan ganinta na ƙarshe a jikin ɓauna a ƙasar Kenya. Ita ce cuta ta biyu da aka taɓa kawarwa, bayan agana da aka sanar da ƙarewarta a 1980. Amma zancen fifita saniya a kan mutum bai taso ba. Bambancin yana ga halin ƙwayoyin cutar biyu, musamman wurin da kowacce take fakewa idan aka kore ta.

Dukansu bairos ne, wato ƙwayar da ba ta iya hayayyafa sai a cikin jikin wani mai rai, shi ya sa magungunan kashe bakteriya da muke saye a kyamis ba sa yi musu komai. Bushiya dai ba ta da ɓoyo. Saniyar da ta kamu za ta yi zazzaɓi, idanu da hanci su riƙa zuba, baki ya yi gyambo har ta kasa cin ciyawa, sannan zawo mai wari ya biyo baya, kuma cikin kwanaki kaɗan ko dai ta mutu ko ta tashi. Wadda ta tashi ba ta sake kamuwa har abada, ba ta kuma ci gaba da yaɗa cutar. Da Walter Plowright, wani masanin Ingila da ke aiki a Muguga ta Kenya, ya samar da allurar rigakafi wajen 1960, sai aka tarar allura ɗaya tak ta ishi saniya iya rayuwarta, kuma tana aiki a kan kowane nau'in ƙwayar a ko'ina.

Duk da haka aikin bai zo da sauƙi ba, kuma garken mahaifinka shaida ne. A 1962 aka fara gagarumin gangamin rigakafi a yankin Tafkin Chadi, wanda ya haɗa Najeriya da Nijar da Chadi da Kamaru, ana yi wa shanu allura ana yi musu alama a kunne. Da cutar ta lafa sai aka yi sakaci, aka bar 'yan maruƙa ba rigakafi, ita kuwa tana nan maƙale a wasu lunguna, sai ga ta ta dawo da ƙarfinta a farkon shekarun 1980. Sai da aka sake sabon shiri, aka kuma samar da allurar da ke jure zafi na makonni ba tare da firji ba, kafin aka iya bin makiyaya har rugagen da mota ba ta shiga.

Lassa kuwa tana da gidan da allura ba ta kaiwa. An fara gane ta a 1969, bayan wata ma'aikaciyar jinya ta mishan ta kamu a garin Lassa da ke Jihar Borno ta yanzu, aka kai ta Jos ta rasu, sannan aka ware ƙwayar a Jami'ar Yale ta Amurka. Bayan 'yan shekaru bincike a Saliyo ya nuna cewa wani ɓera mai yawan nonuwa, mai yawan haihuwa, shi ne ke ɗauke da ita ba tare da ya yi ciwo ba, yana zubar da ita a fitsari da kashinsa a kan hatsin da aka bari a buɗe ko garin da aka shanya a bakin hanya. Ko da za a yi wa kowane mutum rigakafi yau, ƙwayar tana nan a rumbu da rami, kuma babu mai iya tara ɓerayen Afirka ta Yamma ya yi musu layi kamar shanu. Ƙari a kan haka, kusan kashi 80 cikin 100 na masu kamuwa ba sa nuna alama mai tsanani, sauran kuma a farko ciwon nasu kan yi kama da maleriya ko taifot, ga shi ƙwayar ta kasu iri-iri daga yanki zuwa yanki, abin da ke wahalar da masu haɗa rigakafi. Ana gwajin allurai a kan mutane, amma a ganina abin da za a iya sa rai shi ne rage mace-mace, musamman na ma'aikatan asibiti, ba kawarwa ba. Maganin ribavirin da ake bayarwa ya fi amfani idan aka fara shi a kwanakin farko, don haka zazzaɓin da ya ƙi jin maganin maleriya a lokacin rani ba na zama a gida ba ne.

Tun da kiwo ne sana'arku, ga abin da ya shafe ku kai tsaye. Bushiya tana da 'yar uwa da ke kama awaki da tumaki, wadda likitoci ke kira PPR, kuma halinta iri ɗaya ne: akwai allura mai inganci, wadda cibiyar binciken dabbobi ta Vom ke haɗawa, kuma dabbar da ta warke ba ta sake kamuwa. Hukumomin nan biyu da suka tabbatar da ƙarewar bushiya sun sa 2030 a matsayin shekarar kawar da ita. Idan masu rigakafi suka iso rugarku, a fito da awaki da tumaki gaba ɗaya, har da waɗanda aka haifa bayan zuwansu na bara.