Ƙwaron da ke shan nonon shinkafa

Ka tambaye ni me ya sa kawunan shinkafar da ke bakin gona suka tsaya ƙyam, ka murza ka ji babu komai a ciki, alhali ba mu yi ƙishin ruwa ba. Zo nan, ɗana. Kama wannan ƙwaron mai ruwan ƙasa, mai ƙaya ɗaya a kowace kafaɗa. Shinshina yatsunka. Wannan warin daga ƙirjinsa yake fita, tsakanin ƙafafu, da shi yake korar masu cin sa.

Ba ya tauna. Bakinsa kamar allura yake, yana soka ƙwayar shinkafa lokacin da take nono ya tsotse, sai ta zama fanko. In ya soke ta bayan ta fara tauri, za ta yi ido, amma da tabo, kuma a injin casa take karyewa. Asarar ke nan da ba ka gani sai ran da mai saye ya damƙi shinkafar ya rage kuɗi.

Yanzu juya ganyen nan. Ka ga ƙwan a jere, kamar ƙananan ganguna? Da zafin nan ba sa cika mako suke ƙyanƙyashewa. 'Ya'yan ba su da fiffike, da farko suna cunkushe a kan ɓawon ƙwan, daga baya su watse. Sau 5 suke saɓa kafin fiffike ya fito, daga ƙwai zuwa babba kusan wata guda. In ka tarar ƙwan ya yi baƙi ƙirin, bar shi. Wani mitsitsin zanzaro ne ya saka nasa a ciki, aikinmu yake yi mana kyauta.

Abin da ya sa ɓarnar ta fi a baki kuwa, kafin shinkafa ta fid da kai a ciyawar kan iyaka yake zaune yana shan 'ya'yanta, har wake yana taɓawa. Shekarar da na makara da dashe, maƙwabta suka girbe suka bar ni ni kaɗai, duk ƙwarin fadamar a kaina suka tare.

Gobe da sassafe, kafin rana ta yi zafi su sauka ƙasa, ka zaga ka duba kawunan. Kada ka taɓa famfon feshi sai ka faɗa mini abin da ka gani. Ka taho da lauje, ciyawar can za mu fara yankewa.