Jan gizo-gizon tumatir: yaya ake gane ko wane iri ne?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni malamin gona ne a yankin Kura. Jan gizo-gizo ya mamaye tumatirin manomanmu na rani, ganye ya yi ɗigo-ɗigo fari, saƙa ta lulluɓe kan reshe. Muna da madubin likita a ofis. Ta yaya zan gane irinsa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Da farko ka cire launi daga lissafi. Iri biyu ne suka fi addabar tumatir, Tetranychus urticae da Tetranychus evansi. An san na farkon da launin kore-kore da tabo biyu a baya, amma yana da nau'in da yake ja wur, wanda ido ba zai raba shi da evansi ba. Mace ba ta wuce rabin milimita, don haka gilashin ƙara girma na hannu iyakarsa ya nuna maka ƙafafu takwas. In ka ga mai ƙafa huɗu kacal, siriri kamar tsutsa, wannan Aculops lycopersici ne, wani gida daban.

Aikin gaskiya a jikin namiji yake, kuma shi ne mutane suke mantawa su ɗebo, saboda mata sun fi yawa sun fi girma. Namiji ƙarami ne, launinsa ya fi haske, bayansa a tsuke. Sau da yawa za ka same shi tsaye a kan macen da ba ta gama rikiɗa ba, yana gadinta. Ka ɗauke shi da siririn burushi a jiƙe, ka jefa cikin sifirit mai ƙarfin kashi 70.

Sai ka ɗiga ruwan Hoyer, wato ruwan da ake kafe ƙananan ƙwari da shi don dubawa a madubi, a fallen gilashi, ka kwantar da namijin a kan haƙarƙarinsa. Wannan kwanciyar ita ce komai. In ya kife ko ya yi rigingine, gabansa, wato al'aurarsa, ba zai fito yadda za a karanta ba, sai ka riƙa tura murfin gilashin a hankali da bakin allura har ya juyo. Ka bar shi kwanaki a wuri mai ɗumi, kamar digiri 45, jikin ya washe. Daga nan ka duba ƙarshen jikinsa a ninki 400, in da hali 1000. Gaban urticae yana ƙarewa da ɗan kai ƙarami, tsinin gaba da na baya kusan tsawonsu ɗaya. Na evansi kuwa tsinin baya ya fi na gaba tsawo, ya ɗan sunkuya.

Mace ma tana ba da shaida. A gaɓar ƙarshe ta ƙafar gaba akwai tagwayen gashi wuri biyu, dogo da gajere manne da juna. Ka lura da tagwayen da suka fi kusa da jiki. A evansi, gashi huɗu na gindin gaɓar suna jere kusan layi ɗaya da su. A urticae huɗun nan suna bayansu, ta wajen jiki. A ganina, kada ka yanke hukunci da mace kaɗai sai namiji ya gaskata.

Wahalar tana da dalili. Evansi baƙo ne daga Kudancin Amurka, a cikin nahiyar Afirka an fara ba da rahotonsa a Zimbabwe a 1979, daga baya ya iso Afirka ta Yamma. Ya fi son dangin tumatir: gauta, yalo, dankalin Turawa da ciyayin gidansu da ke bakin gona. Gizo-gizon nan mafarauci, Phytoseiulus persimilis, da ke cin urticae sosai, ba ya iya da shi. In evansi ne, dole a share waɗannan ciyayin, a tumɓuke tsohon tumatir a ƙona bayan girbi, a kuma daina bin gauta da tumatir a fili ɗaya. Ko wane iri ne, yawan fesa maganin ƙwari na sifametirin yana kashe ƙwarin da ke cinsu, abin ya ƙara ta'azzara.

In madubinku bai kai ba, ka zuba maza da mata da dama a kwalbar sifirit, ka rubuta gari, shuka da kwanan wata da fensir a takarda ka saka ciki, ka kai wa masana ƙwari a cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, Zariya.