Ita Da Ba Likita Ba Ce, Ina Ruwanta Da Barcin Ɗana?

Tambaya: Ɗana shekararsa huɗu, har yanzu bakinsa bai buɗe ba. Likita ya tura mu cibiyar da ake koya wa yara magana, ake kuma yi musu gashin ƙashi. Abin da ke ba ni haushi, kullum sai na fara tsayawa gaban ma'aikaciyar ofis: cike fom, kawo takarda kaza, har tambayata ta yi ƙarfe nawa yake barcin rana. Ita da ba likita ba ce, ina ruwanta?

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya buɗe bakinsa. Ni kuwa tambayar barcin nan ce ta sa na san kin dace da wadda ta san aikinta.

Mu masu koyar da magana, zamanmu da yaro yawanci minti 30 ne zuwa awa ɗaya. Idan aka kawo mana shi lokacin da barci ya cika idonsa, rabin zaman zai tafi a rarrashi. Wadda ke tsara wa zai shigo yaushe ita ce ke hana wannan asarar. Ga shi aikin namu ba allura ba ne da za a yi sau ɗaya a huta. Maimaitawa ce, mako bayan mako. Yaro mai galahanga (wato autism, larurar da ke shafar magana da mu'amala da mutane) musamman, sai ya saba da rana ɗaya, ɗaki ɗaya, fuska ɗaya kafin ya saki jiki. Haɗa wannan da lokacin makarantarsa, da aikinki, da sauran iyalan da ke jira, ba ƙaramin lissafi ba ne.

Na taɓa aiki da wani yaro da ko ƙofa ba ya ƙetarewa sai da kururuwa, yana toshe kunnuwa. Mun yi ta neman dalili a cikin ɗaki. Sakatariyarmu ce ta lura cewa tun a wurin jira yake birkicewa, idan yara sun cika ana hayaniya. Ta mai da shi na farko da safe, ta ce uwar ta riƙa jira a waje sai ta kira ta a waya. Kukan ya ragu, muka samu muka fara aiki.

Takardun ma akwai dalili. Yaron da bai yi magana ba, abin da muke fara so mu gani shi ne sakamakon gwajin ji, domin wanda ba ya ji sosai hanyar koyar da shi daban ce. Ma'aikaciyar ofis ce ke bin sawun wannan sakamakon da takardar likitan da ya turo ku, ta haɗa su a fayil kafin mu zauna. Fom ɗin da kika sa wa hannu kuma kariya ce gare ki: ba ta da ikon ba makaranta ko wani dangi bayanin ɗanki sai da izininki. Idan da inshora ko tallafi, ita ta san wace takarda ake nema da ranar da wa'adinta ke ƙarewa.

Sai layin jira. A 2021 UNICEF ta ƙiyasta cewa yara kusan miliyan 240 a duniya na da wata nakasa, wato ɗaya cikin goma, mu kuma masu wannan aiki ba mu da yawa. Shi ya sa idan ba za ki zo ba, ki kira ta tun da wuri ta ba wani yaron gurbinki. Ki kuma ce ta sa sunanki cikin waɗanda za a kira idan wani ya fasa. Iyaye da yawa ba su san ana yin haka ba.

Amma aikinta na da iyaka. Kada ki tambaye ta ko ɗanki zai yi magana, ko zama nawa ya rage masa, ko abin da ke damunsa. Idan ma ta fara ba ki amsa, ta wuce gona da iri. Abin da za ta yi shi ne ta rubuta tambayar ta miƙa mana, ko ta ware miki minti goma mu zauna ba tare da yaron ba. Ranar da za ki koma, ki nemi wannan zaman, ki tafi da tambayoyinki a rubuce.